Ɗan Ƙaramin SSD da ke Ɓoye a Cikin Laftof ta Hannu

Duk wanda ya daɗe yana buɗe cikin laftof a wajajen titin Beirut a Kano ya san shi, ko da bai san labarinsa ba. Ɗan allo ne kore ko baƙi, faɗinsa santimita 3, tsawonsa 5, an ɗaure shi da noti ɗaya ko biyu a kusa da katin wayarles. A jikin 'yar takardar da aka manna masa za ka ga an rubuta 16GB, ko 24GB, ko 32GB. Mai kwamfutar kuwa sau da yawa bai ma san yana ciki ba, don ba ya fitowa a jerin ma'ajiyai yadda C da D suke fitowa. Na sha nuna wa kwastoma shi a tafin hannuna ya ce, "Injiniya, wannan daga cikin tawa ka ciro shi?" Daga ciki ne, kuma yawanci ya yi shekaru a nan ba ya aikin fari balle na baƙi.

Tsada ce ta haife shi. Babban faifan da aka saba sa wa laftof juyawa yake yi, sau 5,400 a minti a yawancinsu, da wani ɗan hannu mai kai-komo a kansa yana laluben inda bayani yake. Idan babban fayil guda za a karanto, ba laifi. Amma tashin Windows ba babban fayil guda ba ne, dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, kowanne sai hannun nan ya je ya nemo shi. A nan ake shan jira. Filash, wanda da shi ake yin SSD, ba shi da abin da ke motsi, duk inda bayani yake nan take ake ɗauko shi. Kowa ya san haka tun da daɗewa, kuɗin ne ba su bari ba. A 2008, wanda ya so Apple ta sa masa SSD mai giga 64 a MacBook Air ta farko sai ya ƙara dala 999 a kan kuɗin kwamfutar. A watan Satumban wannan shekarar Intel ta fito da X25-M mai giga 80 a kan dala 595. Da waɗannan kuɗin a lokacin mutum zai sayi laftof sukutum da babban faifanta a ciki.

Sai masu ƙira suka yi dabarar mai shagon kayan masarufi. Buhunhuna da katon-katon suna can cikin sito, amma sukari da ganyen shayi da magi da ake tambaya kowane minti suna kan kanta, hannu kawai zai miƙa. Babban faifai shi ne sito, ɗan filash ɗin shi ne kanta. Wata manhaja tana zaune tana lura da abin da mai kwamfuta ya fi buɗewa, tana kwafo shi zuwa kanta. Shi ya sa rana ta farko ba ka ganin wani bambanci, sai an kwana biyu ana amfani da ita sannan ta fara tashi da sauri.

Gwajin farko a 2007 aka yi shi, kuma an yi ba a yi ba. Microsoft ta fito da Windows Vista da wani abu da ta kira ReadyBoost, wato ka soka filash na USB ya riƙa taimaka wa kwamfuta. 'Yan zamaninmu za su tuna yadda muka riƙa soka filash a tsofaffin kwamfutoci muna jiran abin mamaki, ba mu ga komai ba sai filash da ya ɗau zafi. A shekarar dai Intel ta kawo Turbo Memory, wanda a cikin gida take kira Robson, ɗan kati mai megabait 512 ko giga 1. Masu gwaji suka auna, suka ga ribar ba ta taka kara ta karya ba. HP ta fito fili ta ce ba za ta sa shi a laftof ɗinta ba. Giga ɗaya ya yi kaɗan, manhajar kuma ba ta nuna ba. Seagate ta sake gwadawa ta wata hanya a 2010 da Momentus XT, inda ta cusa filash mai giga 4 a cikin babban faifan kansa, ta bar faifan ya riƙa yi wa kansa lissafi ba ruwansa da Windows. Wannan ya ɗan yi abin kirki, kuma jikokinsa ne masu tambarin SSHD da har yau muke cirowa.

Shekarar da abin ya kankama ita ce 2011. A watan Mayu Intel ta fito da Smart Response Technology tare da bod masu Z68, da wani ƙaramin SSD mai lamba 311, giga 20, wanda don wannan aikin kawai aka ƙera shi. Tsarin yana karɓar abin da ya kama daga giga 18.6 zuwa 64, ko ka sa wanda ya fi haka, 64 kawai zai ɗauka. A ƙarshen watan, a bajekolin Computex na Taipei, kamfanin ya sanar da Ultrabook, wato laftof siririya marar nauyi da za ta kara da MacBook Air, daga baya ya ware dala miliyan 300 don tallafa wa harkar. Sharuɗɗan samun wannan suna sun haɗa da kauri da daɗewar batir da saurin farkawa daga barci cikin daƙiƙa 7. Burin kuma a sayar da ita ƙasa da dala 1,000.

A nan kamfanonin laftof suka shiga tsaka mai wuya. Idan suka sa cikakken SSD mai giga 128, farashi ya haura, mai saye kuma ya dubi takarda ya ga 128 a nan, 500 a can da araha, ya ɗauki mai 500. Idan suka sa babban faifai kaɗai, ba za ta farka a kan lokaci ba, sunan Ultrabook ya kuɓuce. Mafitar ita ce faifai mai giga 500 da ɗan filash mai 24 ko 32 a gefensa. Ramin da za a soka shi ma yana nan a shirye, don tun 2009 aka fitar da tsarin mSATA. Daga 2012 zuwa wajen 2014 aka yi ta zubo irin waɗannan na'urori: HP Envy 4 da Envy 6, Dell Inspiron 14z, Samsung Series 5, Asus Zenbook UX32VD, da ThinkPad iri-iri. Wasu suna tafiya da manhajar Intel, wasu da ExpressCache na kamfanin Diskeeper, wanda ya koma Condusiv a 2012. A da yawansu an raba ɗan filash ɗin gida biyu: an yanki kwatankwacin girman RAM an ajiye don Rapid Start, mai kwashe abin da kake yi ya adana idan ka rufe murfi, sauran ya zama kanta.

Abin da ke ba ni dariya a labarin nan shi ne, tun ranar da aka haife shi ajalinsa yake tafe. A Oktoban 2011 ambaliya ta mamaye yankunan masana'antu a Tailan, ruwa ya shiga masana'antun Western Digital, farashin babban faifai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Filash kuwa sauka yake ta yi. Kafin 2012 ta ƙare, SSD ya faɗo ƙasa da dala ɗaya kowane giga. Gibin da aka ƙirƙiri ɗan filash ɗin don ya cike, yana ta rufewa da kansa.

Mu nan ba mu ga wannan zamanin a lokacinsa ba. Laftof sabuwa fil 'yan kaɗan ne ke sayenta. Tamu ita ce wadda ofisoshin Amurka da Ingila suka more shekara uku ko huɗu suka sallama, 'yan kwantena suka kwaso, ta sauka a Legas, ta bi ta Kwamfuta Bilej a Ikeja, sannan ta hau mota zuwa Arewa. Saboda haka abin da aka yi yayi a can a 2012, mu sai wajajen 2015 zuwa sama ya cika mana tebur. Ya kuma zo daidai da lokacin da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, iyaye suka fara nema wa 'ya'yansu laftof ta koyo, ɗaliban jami'a kuma kowa na son tasa ta rubuta furojet. Kasuwa ta buɗe, kaya suka shigo, babu wanda ya zo da littafin bayaninsu.

Yadda muka fara sanin akwai wani abu a ciki, wajen fomatin ne. Yawancinsu da Windows 8 suka zo, mutanenmu kuma ba sa ƙaunarta, kowa sai ya ce a mayar masa da Windows 7. Ka sa faifan girkawa, ka kai inda za a zaɓi ma'ajiya, ka tarar da wajen fayau. Yaron shagona ya taɓa leƙowa ya ce, "Oga, had-dis ɗin nan ya mutu, a faɗa wa mai ita ya kawo kuɗin wani." Na ce ya kasa kunne, ai ga shi nan yana juyawa. Lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne, don tsarin Intel ya yi aiki sai an sa BIOS a kan RAID, an ɗaure faifan biyu sun zama ɗaya, faifan girkawa kuma bai san yaren ba sai an ba shi direban Intel. Allah kaɗai ya san yawan lafiyayyun faifan da aka canza wa mutane a shekarun nan saboda wannan. Daga baya kowa ya gano gajeriyar hanya: a shiga BIOS a mayar da shi AHCI, faifai ya bayyana, a girka Windows, a karɓi kuɗin aiki. Kwamfuta ta tashi, kwastoma ya yi godiya, amma daga ranar an raba auren. Ɗan filash ɗin yana ciki yana shan wuta, babu mai aikensa.

Sana'a ta rabu a kansa. Akwai waɗanda suka bar shi inda yake. Akwai masu cire shi su jefa a durowa, wasu da sanin mai kaya, wasu ba da saninsa ba, kuma wannan na biyun sata ce ko da abin bai kai kuɗin kati ba. Akwai kuma masu wayo da suka ce tunda SSD ne, bari a girka Windows a kansa. Ranar farko kwamfuta kamar walƙiya. Bayan wata guda Windows ta sauko da sabuntawa, giga 24 ya cika maƙil, layin C ya yi ja, kwastoma ya dawo da faɗa. Windows 10 kanta daga 2019 giga 32 take nema mafi ƙaranci, Windows 11 kuma 64.

Waɗanda suka fi cin moriyarsa dillalai ne. Wata Hajiya ta kawo mini laftof da ta saya wa ɗanta, ta ce, "Malam, mai shagon ya rantse mini tana da SSD da giga 500, ga shi kafin ta buɗe sai yaro ya yi wanka ya dawo." Na duba na ce, "Hajiya, bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba." SSD ɗin yana nan, giga 500 ɗin ma yana nan, sai dai ba abu ɗaya ba ne. Har yanzu ana wannan ciniki. Idan aka ce maka "tana da SSD", tambayi giga nawa ne SSD ɗin shi kaɗai, kuma a kan wanne Windows take zaune.

An ɗauka labarin ya ƙare, sai ga Intel ta dawo da shi karo na uku a 2017 da sunan Optane Memory. Wannan karon ba filash ɗin da aka sani ba ne, wani sabon abu ne, 3D XPoint, da suka ƙera tare da Micron suka sanar a 2015. A gaskiya abu ne mai kyau, yana da saurin amsawa da juriyar rubutu fiye da filash. A lokacin, mai giga 16 dala 44 ne, mai 32 dala 77. Amma ya zo a makare, don da ɗan ƙari kaɗan a lokacin mutum zai sayi cikakken SSD ya huta. Sunan ma ya jawo ruɗani. An riƙa tallar laftof mai "memori giga 24", alhali RAM ɗin 8 ne, sauran 16 ɗin Optane ne, wanda ba RAM ba ne ko kusa. Irin waɗannan su ne suke shigo mana yanzu, kuma na ji dillali da kunnena yana cewa RAM ɗinta 24. A 2019 aka yi H10, wanda ya haɗa Optane da SSD na gama-gari a kan sanda ɗaya, a 2021 aka yi H20. A Yulin 2022 Intel ta sanar da nannaɗe tabarmar Optane baki ɗaya, ta rubuta asarar dala miliyan 559 ta kayan da suka yi kwantai. Shekara 15 ke nan daga Turbo Memory.

A ganina, abin da wannan zamani ya bar mana mai amfani shi ne ramin. Ɗan filash ɗin ya gama yayi, amma gurbin da aka tanadar masa a kan bod yana nan, kuma a yawancin na'urori zai karɓi SSD na sosai mai giga 256 ko 512. Laftof da za a ce ta tsufa, sai ta koma mai ma'ajiya biyu: Windows a kan mai sauri, hotuna da finafinai a kan babba.

Kafin a taɓa sukundireba sai an san wane ne a ciki. Ka buɗe Disk Management. Idan ka ga faifai na biyu marar harafi mai kusan giga 14.9, mai 16 ne. Kusan 22 mai 24 ne, 29.8 mai 32 ne. Idan 13.4 ka gani, Optane ne mai 16. Idan kuma ba ka ga komai ba alhali takardar kwamfutar ta ce akwai, wataƙila auren yana nan daram, sai ka duba cikin manhajar Intel Rapid Storage Technology. Device Manager ko CrystalDiskInfo za su ba ka lambar samfurinsa, lambar kuma ita za ta gaya maka siffarsa. Duk da haka ni ban yarda da allo kaɗai ba, sai na buɗe na gani da idona, saboda a nan ake asarar kuɗi. mSATA da katin wayarles bakinsu iri ɗaya ne sak, mai haƙora 52, amma wayoyin da ke bayansu daban ne, ramin wayarles ba zai ga SSD ba ko ya shiga daidai. Akwai kuma rabin mSATA, gajere, wanda cikakke ba zai zauna a gurbinsa ba. Daga 2013 M.2 ya fara maye gurbin mSATA, shi kuma lambarsa ita ce awonsa: 2242 faɗi milimita 22, tsawo 42, 2280 tsawo 80. ThinkPad T440 da X240 2242 suke ɗauka, kuma na SATA. Ka sayo musu NVMe, ka sayo abin ajiya a durowa. Ramin da Optane ya fito daga ciki kuwa NVMe ne, wannan shi ya fi daɗin sha'ani. Mafi ban haushi su ne waɗanda aka narka filash ɗin a jikin bod, kamar na UX32VD da wasu Samsung na wancan lokaci. Babu noti, babu rami, babu abin canzawa.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa da yarana shi ne, ba a zare shi kai-tsaye. Tsarin Intel yana da yanayi biyu. A Enhanced, duk abin da aka rubuta yana sauka a faifan biyu lokaci guda, ko an cire ƙaramin babu asara. A Maximized, rubutu yana fara sauka a kan ƙaramin, sai daga baya a kai shi babban. Wanda ya zare shi a wannan yanayi ya tafi da wani ɓangare na fayilolin mutum, wani lokaci Windows ma ba za ta ƙara tashi ba. Optane ma haka yake, har ya fi tsanani. Don haka a fara kwashe kayan mai kwamfuta zuwa wani wuri, a tambaye shi ko akwai makullin BitLocker, a shiga manhajar a kashe haɗin, a jira ta gama mayar da komai ko da za ta ɗau lokaci. Kada a fara wannan da batir mai mutuwa ana dogaro da wutar NEPA. Bayan nan a cire caja, a cire batir ko a zare wayarsa, sannan a kwance noti.

Wajen girka Windows a sabon SSD, ina cire babban faifan tukuna in ajiye gefe, in mayar da BIOS kan AHCI. Idan aka bar su biyun a ciki, Windows takan ajiye fayilolin tashi a kan tsohon, ranar da tsohon ya mutu sabon ma ya ƙi tashi. Sai ta tashi lafiya sannan in mayar da babban. Akwai 'yan na'urori da BIOS ɗinsu ba ya yarda a tashi daga ƙaramin rami ko kaɗan, shi ya sa nake gwadawa da nawa SSD na shago kafin in aiki mutum kasuwa.

Ba kullum ramin ne ya fi ba. A ThinkPad T420 da T430 da X220 da X230, ramin mSATA rabin saurin babban gurbi yake da shi. Kuma mSATA yana ƙaranci, manyan kamfanoni sun janye daga yin sa, Samsung 860 EVO na 2018 yana cikin na ƙarshe-ƙarshe masu suna. Abin da ya rage a kasuwa yawanci ko ciro ne, ko sabo mai sunan da ba ka taɓa ji ba. Idan ciro ne, a sa shi a CrystalDiskInfo a gabanka ka ga awannin da ya yi da lafiyar da ta rage masa. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, kuma kayansa ba su da yawa, shawarata ya manta da ƙaramin rami, ya cire babban faifan ya sa SSD na inci 2.5 a gurbinsa, ya sayi ɗan gida na USB ya zuba tsohon a ciki. Ya fi sauƙin samu, kuma kwamfutar ta huta da jijjiga a kan Adaidaita. Wanda kuma yake tara bidiyon biki ko yake haɗa fim, ramin nan nasa ne.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar yawancin abin da ya gaza Intel na ƙarni na 8. Ofisoshin Turai da Amurka suna sallamar na'urorinsu, kuma mun san inda kwantenonin za su sauka. Masu Optane ma suna cikinsu. 'Yan'uwana masu gyara, idan irin wannan ta zo teburinku, ku gaya wa mai ita abin da ke ciki, ku kashe haɗin kafin ku zare, ku kuma miƙa masa ɗan filash ɗinsa a hannu, don kayansa ne.